Minti Goma Sha Ɗaya a Ƙofar Ɗakin Makamai

Laraba, 4 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Likitar bariki ta raba mana littattafan nan masu baƙin bango, ta ce kowa ya riƙa rubuta abin da bakinsa ya kasa faɗa. Shekarata ashirin da biyu cikin kaki, tara daga ciki ni ke riƙe da ɗakin makamai. Abin da na saba rubutawa shi ne lambar bindiga, da lokacin da ta fita, da lokacin da ta dawo. Ban san ta ina ake fara irin wannan ba.

Yau aka binne su, su shida. Auta, ƙanen matata, yana cikinsu. Kofur ne, direban motar ruwa, shekararsa ashirin da bakwai.

Jiya da rana abin ya faru, a ɗakin cin abinci. Kowa ya sani, ba sai na rubuta ba.

Alhamis, 5 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Matata, Maman Biyu, ba ta sa komai a bakinta ba tun Talata. Na haɗa wa tagwaye shayi da kaina, na raka su har bakin motar makaranta. Da na dawo na same ta tana goge takalmin Auta da ya bari a bayan ƙofarmu ranar Lahadi.

Kowace Lahadi yana zuwa. Kafin ya gaishe ni sai ya fara buɗe tukunya. Ya kan ja igiyar da ke wuyana ya ce, "Yaya Saja, wannan makullin har wanka da shi kake yi? Ko yayata ba ka tsare ta haka." Ni kuma in ce masa ai bindiga sai an taɓa ta take tashi, yayarsa kuwa ko ba a taɓa ba. Sai ta jefo mana ludayi daga kicin.

Asabar, 7 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na koma aiki. Bindigogi ɗari biyu da sha huɗu ne a jere, ɗaya babu. Masu bincike sun tafi da ita. Gurbinta yana layi na uku daga taga. Na ɗora gwangwanin mai a wajen, na sake ɗauke shi.

Bari in rubuta yadda dokar take, ko don in ji na rubuta wani abu. A cikin bariki ba wanda yake yawo da makami, sai wanda yake kan gadi da 'yan sandan soja. Mai gadi ya zo taga, ya sa hannu, in miƙa masa bindiga da harsashi. Ya sauka, ya dawo da su. Da ƙarfe goma na safe ake rufe ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Makulli ɗaya yana wuyana, ɗaya yana hannun hafsan da ke bakin aiki. Ba ɗayanmu da zai iya buɗewa shi kaɗai.

Ranar Talata wani Kyaftin ne ke riƙe da na biyun, kuma yana taro a ofishin kwamanda, can ƙarshen bariki. Minti goma sha ɗaya ya ɗauka kafin ya iso, a guje, ba hula. Akwai agogo a bango saman tagata. Mutum wajen ashirin suna dukan ƙofa suna cewa in buɗe. Na buɗe nawa kwaɗon, na tsaya riƙe da shi a hannu. Kafin mu buɗe na biyu, 'yan sandan soja sun riga sun gama da sojan da ya buɗe wuta.

Litinin, 9 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Dogo ya zo gida. Saja ne kamar ni, tare aka ɗauke mu, gadonsa a saman nawa yake a sansanin horo. Shi ke kula da kanikawa a garejin motoci. Yana cikin ɗakin cin abinci ranar.

Bai zauna inda ya saba ba. Ya ja kujera zuwa kusurwa, ya fuskanci ƙofa. Maman Biyu ta kawo masa ruwa ta tsaya.

Ya ce, "Taku huɗu ne tsakanina da shi lokacin da ya tsaya sauya gidan harsashi. Taku huɗu, Saja. Ka san me ke hannuna? Cokali. An tura mu daji shekara biyu da bindiga, muna kwana da ita a ƙirji, ba wanda ya ce ba a yarda da mu ba. Mun dawo gida an karɓe, an ba mu cokali."

Ya ce ya jefe shi da kujera, ta bugi tebur. Mutum uku suka ƙara faɗuwa bayan nan.

Maman Biyu ta juyo ta dube ni. "Da Auta yana da bindiga a ƙugunsa, da yanzu yana nan?"

Na ce ban sani ba. Na sani. Bayansa ne ke fuskantar ƙofa, kuma shi aka fara samu. Ko manyan bindigogi goma yake ɗauke da su bai ga komai ba. Sauran ukun nan na ƙarshe kuwa, wannan ne ban sani ba.

Talata, 10 ga Maris, ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana

Mako ɗaya cif. Na cire batirin agogon bango na sa a aljihu.

Juma'a, 13 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An kafa kwamiti daga hedikwata. Za su duba ko a bar sojoji su riƙa ɗaukar ƙaramar bindiga a cikin bariki don kare kansu. Ba a maganar komai sai wannan. A kanti, a wajen aski, har mata a bakin famfo. Wasu na cewa tun da daɗewa ya kamata. Wasu na cewa duk wanda ya taɓa raba faɗa a gidan kwanan marasa aure ranar albashi ba zai faɗi haka ba.

An buɗe ɗakin cin abinci, an yi sabon fenti. Mutane suna karɓar abincinsu su fita waje su ci a tsaye.

Masu bincike sun ɗauki hoton shafin rajistata na ranar Talata. Suka tambaye ni ko na lura da wani abu game da mai harbin da safen. Na ce ya sa hannu, na ba shi, sunansa yana cikin jerin masu gadi. Duk gaskiya ne.

Lahadi, 15 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Maman Biyu ta dafa abinci mai yawa kamar yadda ta saba. Ba wanda ya buɗe tukunya.

Laraba, 18 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na je gaban kwamiti. Kanar ɗaya, manjo biyu, da wata mai rubutu. Likita ce ta riga ni shiga, kuma ƙofar ba ta rufu sosai ba, don haka na ji rabin maganarta.

Ta ce a shekara bakwai da ta yi a nan, wannan ne karo na farko da wani ya juya bindiga kan 'yan'uwansa. Amma sau biyar aka kira ta ga wanda ya juya ta kan kansa, kuma duka biyar ɗin suna kan gadi ne, lokacin da makami yake hannunsu. Ta ce tana da sunayen mutum sittin da ba sa barci, waɗanda suka yarda suka zo ke nan. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba na jin tsoron mutanen nan. Ina jin tsoron mummunar rana guda a rayuwar kowannensu, in ta same shi da abin a ƙugu."

Da na shiga Kanar ya ce, "Saja, kai ka fi kowa sanin makaman nan. Me kake gani?"

Na ce a gyara maganar makulli. A ajiye na biyu kusa, kada ya wuce tafiyar minti ɗaya.

Ya ce, "Ba shi na tambaye ka ba. Su ɗauka ko kada su ɗauka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na tsaya minti goma sha ɗaya ina jin mutane suna roƙona makami, ban iya ba su ba. Kuma ni na miƙa wadda aka kashe su da ita. Duk wanda na zaɓa cikin biyun nan, ɗayan yana tsaye a bayana."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce wa mai rubutu ta rubuta cewa ban ba da ra'ayi ba.

Alhamis, 19 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Kyaftin ya leƙo taga ba tare da wani dalili ba. Yaro ne, bai kai talatin ba. Ya rame. Ya ce ya auna hanyar sau huɗu da agogon hannunsa, in bai tsaya neman direba ba da ya iso cikin minti bakwai. Na ce masa ko cikin bakwai ɗin ma an riga an gama. Ban sani ba ko haka ne. Ya yi godiya ya tafi.

Shi aƙalla yana da abin aunawa.

Asabar, 21 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Matar Dogo ta zo wajen Maman Biyu. Ina tsakar gida ina gyara keken tagwaye, taga a buɗe.

Ta ce tun ranar bai kwanta a gado ba. Ya kwashe kujerun falo ya jera su a jikin bango. Shekaranjiya 'yarsu ta taho ta bayansa da gudu za ta rungume shi, ya hankaɗa ta ta bugi firji, leɓenta ya fashe. Ya ɗauke ta yana kuka, yana ce mata bai gan ta ba. A gareji kuma taya ta fashe, sai da mutum biyu suka ɓamɓare hannunsa daga wuyan wani kanike.

Maman Biyu ta ce, "Ki kai shi wajen Likita mana."

Ta ce, "Ya je. Ya ce mata lafiyarsa ƙalau, yana barci kamar jariri. Ya san abin da ake so a ji."

Na ci gaba da juya ƙafar keke. Sarƙar ba ta da matsala tun ɗazu.

Talata, 24 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Umarni ya sauko. Gwaji na wata uku: daga saja zuwa sama, wanda yake so zai iya ɗaukar ƙaramar bindiga a cikin bariki, in ya sami takardar kwamanda da ta likita. Ni zan riƙa miƙawa da safe in karɓa da yamma. Makulli na biyu kuma zai koma ofishin gadi, taku talatin daga ƙofata.

An yi tafi a filin fareti, amma ba kowa ba. Likita ta wuce ta gabana ta nufi asibiti.

Na ga jerin sunayen farko. Mutum tara. Dogo ne na biyu.

Alhamis, 26 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Na goge ƙananan bindigogi tara, na sa musu mai. Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 28 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na je gareji da nufin in yi wa Dogo magana. Na same shi a ƙarƙashin motar ruwa, wadda Auta yake tuƙawa. Ya ce birkinta yake dubawa kafin a ba sabon direba. Muka yi hirar birki. Muka yi hirar wani samanja da ya taɓa sa mu tsallen kwaɗo don mun yi dariya a fareti. Ya yi dariya har da tari. Na dawo ban faɗi komai ba.

Shekara ashirin da biyu. Shi ya ɗauke ni a kafaɗa kilomita uku lokacin da ƙafata ta karye a daji.

Litinin, 30 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Na farko ya zo, ya sa hannu, na ba shi. Dogo ya matso ya ajiye takardunsa biyu a kan taga. Duka da hatimi. Ya yi aski, kakinsa a goge. Ya ɗauki biro. Idonsa ja ne kamar an zuba barkono, kuma sau uku yana waiwayawa kafin ya rubuta harafin farko.

Na ja rajistar zuwa ciki.

Ya ce, "Mene ne?"

Na ce, "Ba yau ba, Dogo."

Ya yi murmushi, ya zaci wasa ne. "Kai, bar tsokana, mutane suna jira."

Na ce, "Yaya leɓen yarinya?"

Murmushin ya ɗauke. Ya rage murya. "Kwamanda ya sa hannu. Likita ta sa hannu. Kai wane ne?"

Na ce ni ne mai miƙawa.

Mutum bakwai suna tsaye a bayansa. Ya sa fuskarsa daf da ƙarfen taga ya ce, "Wancan fa? Shi ba ka ce masa ba yau ba. Ni da na kwana rami ɗaya da kai kake hanawa, shi ka ba shi da hannu biyu."

Na ce, "Haka ne."

Ban yi niyyar ci gaba ba, amma bakina ya ci gaba. Na ce ranar Talatar, ƙarfe shida saura kwata, kofur ɗin da ya yi harbin ya zo taga. Ya sa hannu a layin da ba nasa ba, na nuna masa, ya sake yin kuskure. Ya ce mini, "Saja, kwanana huɗu ban runtsa ba. Ko za a iya sa wani?" Layi yana da tsawo, ana jiran canjin gadi. Na ce masa, "Waye yake barci a barikin nan? Karɓi ka matsa wa na baya."

Ba wanda ya yi motsi. Dogo ya tattara takardunsa, ya ninke su ya sa a aljihu, ya tafi. Na ba sauran bakwai nasu.

Ga shi na rubuta. Littafin bai yi komai ba, ni ma ban ji sauƙi ba.

Talata, 31 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na rubuta rahoto biyu na kai ofishin kwamanda. Ɗaya kan dalilin da ya sa na ƙi bin takardar Dogo. Ɗaya gyara ne ga abin da na gaya wa masu bincike. Kwamanda ya karanta a tsaye. Ya ce, "Ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya miƙo hannu. Na cire igiyar daga wuyana na ba shi.

An mayar da ni sito, wajen barguna da takalma, har a gama bincike.

Talata, da yamma, ƙarfe shida

Na gaya wa Maman Biyu kafin ta ji a bakin famfo. Tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Roƙonka ya yi?"

Na ce eh.

Ta ce, "Kuma mako huɗu kana zaune kana kallona ina tambayar kaina me ya sa."

Na ce eh.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da na faɗa mata ranar farko, da ta san inda za ta ajiye shi. Ta wanke hannunta, ta shiga ɗaki ta fara ninke kayan yara.

Laraba, 1 ga Afrilu, ƙarfe tara na safe

Sun tafi wajen Inna, mahaifiyarta. Na kai su tasha. Tagwaye suna murna, sun ɗauka hutu ne.

Asabar, 4 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

A sito ba wanda yake mutuwa saboda bargo. Na ba wani kurtu takalmi ƙafa biyu duka na hagu, ya dawo yana sara mini yana ba ni haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

Mutane sun rabu biyu a kaina. Wasu ba sa amsa gaisuwata. Wani kofur da ban sani ba ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce shi ma ya daɗe ba ya barci, wa zai gaya wa. Na rufe sito na raka shi asibiti da ƙafata.

Masu ƙananan bindigogi sun kai sha huɗu yanzu. Ba abin da ya faru. A ɗakin cin abinci an fara zama, kuma na lura mutane suna son teburin da ɗaya daga cikinsu yake. Na kuma lura wasu suna tashi in ya zauna.

Litinin, 6 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na safe

Maman Biyu ta aiko saƙo a waya: in ba direban mota takardun makarantar yara da sauran kayansu. A ƙasa ta rubuta, "Ka riƙa cin abinci." Na karanta ya fi sau goma, ban gane ko tafiya ce ko dawowa ba.

Alhamis, 9 ga Afrilu, ƙarfe goma sha biyu na rana

Likita ta ba ni ƙarfe goma. Da na isa, benci ɗaya ne a barandar, kuma Dogo yana kai. Yana riƙe da katin asibiti. Rabona da shi tun a taga.

Na tsaya a jikin ginshiƙi. Can ya matsa gefe ba tare da ya kalle ni ba. Na zauna.

Wata ma'aikaciyar jinya ta wuce da keken magani.

Ya ce, "An janye takardata."

Na ce na ji.

Ya ce, "Har gobe ina nan a kan bakana. Da tana hannuna ranar, da mutum uku suna gidajensu yanzu."

Na ce, "Mai yiwuwa ne."

Ya ce, "Ba mai yiwuwa ba ne. Tabbas ne." Ya juya katin a hannunsa. "Shekaranjiya maƙwabcina ya ƙwanƙwasa mini taga da asuba, ya zo aron abin tayar da batir. Na tsinci kaina a bayan ƙofa, hannuna yana laluben ƙuguna. Ya daɗe yana lalube, Saja."

Na gyara zama a kan bencin.

Ya ce, "Ban yafe maka ba tukuna. A gaban mutane ka yi mini."

Na ce to.

Aka buɗe ƙofa aka kira lambarsa. Ya miƙe, ya gyara belinsa, ya yi taku biyu ya tsaya.

"In na shiga me zan ce mata?"

Na ce, "Abin da ka gaya mini yanzu."

Ya ce, "Kada ka tafi kafin in fito."

Na ce masa ai ni ne na gaba.